Raunin Jiki A Lokacin Maganin Ciwon Daji Na Nono: Sauƙin Da Shari'a Ta Yi Wa Majiyyaciya Da Haƙƙinta A Kanmu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da magani, ya sanya rauni a jikin ɗan Adam domin ya san matsayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, tambayoyi sun yawaita gare mu a 'yan kwanakin nan, wasu ta wasiƙa wasu a zauren karatu, daga mazajen da matansu ke karɓar maganin ciwon daji na nono a manyan asibitoci, har ma da su matan da kansu. Tambayoyin duk abu guda suke kewayawa, watau mace ta karɓo magani ta komo gida ƙarfi ya ƙare mata ƙaf, har ɗaga buta ya zame mata aiki. Wata tana kuka ta bar tsayuwa a salla, tana tsoron kada Ubangiji ya yi fushi da ita. Wani yana ƙorafi maiɗakinsa ta koyi son jiki, tun da dai ya ga ta kwana ta wuni a gado amma ba ta tashi da kuzari ba. Wani kuma, Allah ya kyauta, fatawa yake nema ya tsayar da maganin, domin a ganinsa maganin ya fi ciwon wahalarwa. Saboda haka muka ga ya dace mu keɓe filinmu na wannan mako a kan wannan al'amari, mu haɗa abin da likitoci suka tabbatar da abin da malaman fiƙihu suka rubuta, da fatan Allah ya amfanar da mu baki ɗaya.

GIRMAN AL'AMARIN

Wannan ciwo, wanda Bahaushe ke kira daji ko sankara, Larabawa kuma saraɗan, watau ƙaguwa, ba baƙo ba ne ga malaman Musulunci. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan nan na Ƙurɗuba a ƙasar Andalus wanda ya rasu wajen shekara ta 1013 Miladiyya, ya yi bayaninsa a littafinsa Attasrif, inda ya nuna cewa ana iya yanke shi tun yana ƙarami idan ya fito a wuri irin nono, amma idan ya tsufa ya girma sai ya gagara. Shekaru dubu ke nan, maganarsa kuwa ba ta faɗi ba: a zo da wuri shi ne rabin magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lissafin cewa a shekara ta 2022 an sami mata kimanin miliyan 2.3 da wannan ciwo a duniya, mutum kimanin 670,000 kuma suka rasu sanadiyyarsa. A Nijeriya kaɗai an ƙiyasta sababbin kamuwa fiye da 30,000 a wannan shekara, shi ne kuma ciwon dajin da ya fi kama mata a ƙasar. Ashe ke nan da wuya a sami layi a kasuwa ko ofishi a ma'aikata wanda babu mai uwa ko mata ko 'yar'uwa da ke kaiwa da komowa tsakanin gida da asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko na Malam Aminu Kano, ko na Sakkwato, ko na Maiduguri, ko Asibitin Ƙasa na Abuja.

INDA GAJIYAR TAKE FITOWA

Maganin da muke magana a kansa shi ne wanda likitoci ke kira kemoterafi, masu jinya kuma suna taƙaita shi su ce kemo. Galibi ta ƙarin ruwa ake ba da shi a jijiya, zagaye bayan zagaye, sau da yawa kowane mako 3, har zagaye 4 zuwa 8 gwargwadon yadda likita ya tsara, watau jinyar wata 3 zuwa 6. Wanda yake ƙyamarsa don wai na Turawa ne, ya sani cewa ɗaya daga cikin manyan magungunan nan, mai suna fakilitaksel, asalinsa daga ɓawon wata bishiya aka samo shi a Amurka, wani kuma mai launin ja, doksorubisin, daga wata ƙwayar halitta da ke cikin turɓayar ƙasar Italiya. Itace da ƙasa kuwa duk halittar Allah ne.

Aikin maganin shi ne kashe ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, domin wannan ita ce ɗabi'ar ƙwayoyin daji. To, sai dai a jikin mutum akwai lafiyayyun ƙwayoyi waɗanda su ma suke da saurin hayayyafa, kamar na tushen gashi, da na fatar cikin baki da hanji, da na ɓargo inda ake ƙera jini, maganin kuwa yana shafar su duka. Daga nan ne zubewar gashi da gyambon baki da tashin zuciya suke zuwa. Idan ɓargo ya raunana, jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska zuwa gaɓoɓi sai su ragu, mace ta riƙa haki daga ɗaki zuwa madafa, ta ji jiri, zuciyarta na bugawa da sauri. Fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta su ma suna raguwa, sun fi yin ƙasa kuwa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye. A haɗa wannan da rashin cin abinci, da ƙarancin ruwa saboda amai ko gudawa, da rashin barci wanda wasu magungunan hana amai ke jawowa, da zafin ciwo, da tunanin kuɗin magani da makomar 'ya'ya, sai a ga dalilin da ya sa mafi yawan masu wannan jinya suke fama da gajiya.

Abin da ya kamata maigida ya fahimta shi ne, wannan gajiya dabam take da wadda ya sani. Wanda ya wuni a tsaye a rumfa, ko ya sha hanya daga Legas zuwa Kano, idan ya yi wanka ya kwana sai ya tashi garau. Ita kuwa wannan barci ba ya kawar da ita, kuma tana taruwa ne, ta zagaye na biyar ta fi ta zagaye na farko nauyi, wani lokaci ma takan zarce wasu watanni bayan an gama magani kafin ta saki jiki. Duk wanda ya kira ta son jiki ko raki ya zalunci baiwar Allah, ya kuma ƙara mata ciwo a kan ciwo.

GAJIYA A MA'AUNIN SHARI'A

Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abu Sa'idu Alhuduri da Abu Huraira, Allah ya yarda da su, hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya jera wahalhalun da Allah ke kankare wa Musulmi zunubai da su, har ya kai ga sukar ƙaya. Masu Larabci za su lura cewa a lafazin Buhari kalmar da ta zo a farkon jerin ita ce nasabu, ma'anarta kuwa gajiya, ta riga kalmar ciwo da ta baƙin ciki. Ashe gajiyar da majiyyaciya take raina kanta a kai, ita kanta abar lissafi ce a wurin Ubangiji. Haka kuma Buhari ya ruwaito daga Abu Musa Al'ash'ari cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ko ya yi tafiya ana rubuta masa ladan irin aikin da ya saba yi yana lafiyayye a gida. Wadda ta saba da tsayuwar dare da azumin Litinin da Alhamis, yanzu ta kasa, alƙalami bai daina rubuta mata ba.

Shi kansa fiyayyen halitta ya ɗanɗani rauni. A ciwonsa na ajali, kamar yadda Nana A'isha ta ba da labari, ya sa a zuba masa ruwa ya yi wanka domin ya fita salla, da ya yunƙura zai tashi sai ya suma, aka maimaita haka har sau uku, sa'an nan ya aika Sayyidina Abubakar ya ja jama'a. Ranar da ya ji dama kuwa, tsakanin mutum biyu ya fito, ƙafafunsa masu albarka suna jan ƙasa. Wa ya isa ya ga aibin mai rauni bayan wannan?

Faɗin abin da ke damun mutum kuma bai saɓa wa haƙuri ba. Annabi Ayyuba, wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya kai kukan cutarsa ga Ubangijinsa kamar yadda ya zo a Suratul Anbiya'i aya ta 83. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah. Amma mace ta gaya wa likita ko mijinta cewa yau ba ta iya tashi, wannan bayani ne, yana ma daga cikin neman magani. Da yawa daga matanmu kunya da kara ke sa su ce wa likita da sauƙi alhali babu sauƙin, shi kuwa ba zai yi maganin abin da ba a gaya masa ba.

TSARKI DA SALLA

Salla ba ta faɗuwa daga kan mai hankali, amma Shari'a ta sassauta siffarta gwargwadon iko. Imrana ɗan Husaini, Allah ya yarda da shi, yana fama da basir ya tambayi Annabi yadda zai yi salla, aka umarce shi ya yi a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa. Ɗalibanmu da suka karanta Ahalari sun san ya jera halaye 7 na mai sallar farilla: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, waɗannan huɗu jerantawarsu wajibi ce, sa'an nan kwanciya a gefen dama, da gefen hagu, da rigingine, waɗannan uku jerantawarsu mustahabbi ce. Wadda take jin jiri idan ta miƙe, ko take tsoron faɗuwa, ta zauna ta yi sallarta, sallar kuwa cikakkiya ce. In sujada ta gagara saboda ɗinkin tiyata a ƙirji ko juyawar kai, ta yi nuni, nunin sujada ya fi na ruku'u yin ƙasa. Ta taƙaita karatu ga Fatiha da gajerar sura, domin babu wanda ya ɗora mata dogon karatu.

Wajen alwala, wanke kowace gaɓa sau ɗaya ya wadatar, na biyu da na uku falala ce. Halal ne a ɗuma mata ruwa, a kawo mata shi har bakin gado, a zuba mata. Inda aka liƙa bandeji a kan ciwo ko a kan allurar ƙarin ruwa, shafa a kai ya isa. Idan kuwa taɓa ruwa zai ƙara mata ciwo ko ya jinkirta warkewa, ko ta rasa mai miƙo mata shi ita kuma ba ta iya zuwa, to taimama ta halatta, kamar yadda aya ta 43 a Suratun Nisa'i da aya ta 6 a Suratul Ma'ida suka ambaci mara lafiya. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya halatta wa majiyyaci yin taimama da bangon da ke kusa da shi idan na laka ne, ya hana idan an shafe shi da farar ƙasar da aka toya. Tun da gidajenmu na yanzu siminti ne da fenti, sai a ajiye mata dutse mai tsarki a gefen gado.

Haɗa salloli biyu ma akwai shi a mazhabarmu ta Malikiyya. Wadda take tsoron suma ko jiri mai tsanani ya riske ta a lokacin salla ta biyu, tana iya haɗa azahar da la'asar a farkon lokacin azahar, magariba da lisha a lokacin magariba. Wadda kuwa tashi sau biyu ne yake mata wuya, kamar mai gudawa, sai ta jinkirta azahar zuwa ƙarshen lokacinta ta sallace ta, la'asar na shiga ta bi da ita, da alwala guda. Sallar da lokacinta ya fita duka tana cikin suma babu ramuwa a kanta, Imamu Malik ya kawo irin wannan a Muwaɗɗa daga aikin Abdullahi ɗan Umar.

Akwai wasu mas'aloli guda uku da suke rikita mata. Na farko, amai ba ya warware alwala a wurin Malikiyya. Ta kurkure baki, ta wanke inda ya taɓa in ya sauya daga kamannin abinci. Na biyu, jan maganin nan yakan mai da fitsari ja kwana ɗaya ko biyu bayan an karɓe shi. Launin magani ne, hukuncinsa hukuncin fitsari, ba ya hana salla. Na uku, kemo yakan rikita al'adar mace ko ya ɗauke ta ɗungum. Idan ta ɗauke, mace tana cikin tsarki, ta ci gaba da ibadarta. Idan jini ya zarce kwanakin da ta saba, ta ƙara kwana 3 a kai matuƙar jimillar ba ta haura kwana 15 ba, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla, ta kuma sanar da likita ba tare da jinkiri ba.

Game da nafila kuwa, Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa Annabi ya shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce masa ta Zainabu ce, tana riƙe ta idan ta gaji da tsayuwa. Sai ya sa aka kwance ta, ya yi umarni mutum ya yi salla lokacin da yake da nishaɗi, in ya gaji ya zauna. Tasbihi da salati da istigfari da sauraren karatun Alƙur'ani duk ana yin su a kwance.

AZUMI

Aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi wa mara lafiya rangwamen ya sha azumi ya rama a wasu kwanaki. Malamanmu sun fayyace cewa shan azumi halal ne ga wanda ke tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa ko wahala mai tsanani, yana kuma zama wajibi idan ana tsoron halaka ko babbar cutarwa. Mai karɓar kemo tana bukatar ruwa da yawa, musamman da yake ɗaya daga cikin magungunan, saiklofosfamaid, yana iya yi wa mafitsara lahani idan ba a sha ruwa ya wanke shi ba. Gaskiya ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a shekara ta 1997, ta yanke cewa allurar magani ko da ta jijiya ce ba ta karya azumi, in ban da ruwan da ke maye gurbin abinci. Amma wannan ba hujja ba ce ta mace ta matsa wa kanta, domin abin dubawa a nan shi ne halin da jiki zai shiga a wunin zafi babu ruwa. Idan amintaccen likita ya ce kada ta yi, to kada ta yi. In ciwon ya zarce da ita har wani Ramadan ya kewayo ba ta sami ikon ramawa ba, babu ciyarwa a kanta, domin ciyarwar mudu a kowace rana tana kan wanda ya yi sakaci ne. Ita ramuwa kawai za ta yi idan Allah ya ba ta lafiya.

ABIN DA ZA TA YI WA JIKINTA

'Yan kasuwa sun fi kowa sanin cewa mai ƙaramin jari ba ya zuba shi duka a haja ɗaya. Ƙarfin majiyyaciya a kowace rana jari ne ƙanƙane, sai ta kasafta shi. Ta samu ɗan littafi ta riƙa rubuta ranar da aka yi mata ƙarin ruwa da yadda take ji kowace rana, ta ba gajiyar maki daga 0 zuwa 10. Bayan zagaye ɗaya ko biyu za ta gane kwanakinta na nauyi da na sauƙi, domin galibi kwanakin da ke biye da ƙarin ruwan ne suka fi tsanani, mako na uku kuma jiki yakan ɗan dawo. Sai ta ajiye muhimman al'amura zuwa kwanakin sauƙi, ta yi aikin da za ta iya a zaune, ta bar wa wasu daka da wanki da ɗibar ruwa. Wannan littafi kuma ta riƙa zuwa da shi wurin likita.

Wani abu da zai ba mutane mamaki shi ne, binciken likitoci ya tabbatar cewa motsa jiki kaɗan kaɗan yana daga cikin abubuwan da suka fi rage wannan gajiya, yawan kwanciya kuwa yana narkar da tsoka ya ƙara rauni. Ta fara da tattaki na minti 5 ko 10 a tsakar gida da sanyin safiya ko bayan la'asar, wani na kusa da ita, ta riƙa ƙarawa sannu a hankali har ta kai kimanin minti 30 a mafi yawan kwanakin mako idan likita ya yarda. Sannu ba ta hana zuwa. Ranar da take da zazzaɓi ko jiri ta huta. Barcin ƙailula yana da kyau, amma kada ya kai sa'a guda, don kada ya ɓata na dare.

Wajen abinci, ɗan kaɗan sau 5 ko 6 a wuni ya fi babban akushi sau biyu. A ba da ƙarfi ga wake da ƙwai da kifi da nama da hanta da gyaɗa, da ganye irin zogale da alayyahu, duk a dafe sosai. Nono a tafasa shi, ruwan sha ya zama mai tsabta, a guji abincin da ya kwana a buɗe, saboda garkuwar jikinta ta yi ƙasa. Nana A'isha takan yi umarni a dama wa majiyyaci talbina, wani ɗan kunu na garin sha'ir, ta kuma ruwaito cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya. Kununmu na gyaɗa ko na alkama da madara yana kusa da wannan, yana kuma shiga a ranar da tuwo ya ƙi shiga. Abin sha na kwalba da ake haɗawa da madarar gwangwani da sunan ƙarin jini ba ya maganin ƙarancin jinin da ɓargo ya jawo. Awon jini da ake yi kafin kowane zagaye shi ke nuna gaskiya, likita kuma shi zai ce ko ƙwaya za a ba ta ko ƙarin jini za a yi. Ƙarin jini halal ne, ba da shi kuma sadaka ce babba.

Muna jan kunne ƙwarai game da jiƙe-jiƙe da sassaƙe-sassaƙen da 'yan dubiya ke kawowa. Hanta da ƙoda suna ɗauke da nauyin kemo, ƙara musu wani abin da ba a san ƙarfinsa ba yana iya yi musu lahani ko ya ɓata aikin maganin. Addu'a da ruƙiyya ta Shari'a a yi su dare da rana, amma duk abin da za a haɗiya a fara nuna wa likita.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

Kowane gida mai wannan jinya ya mallaki ma'aunin zafin jiki. Idan zafi ya kai 38, ko majiyyaciya ta kama rawar ɗari, a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne, a kuma gaya musu tana kan kemo. Kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne a aika yaro kantin magani, kada kuma a ba ta maganin saukar da zafi a koma barci, domin idan fararen ƙwayoyin jini sun yi ƙasa, ƙaramar cuta tana iya kai mutum kabari cikin sa'o'i. Haka kuma numfashi da ƙyar a zaune, da ciwon ƙirji, da kumburin ƙafa, da suma ko ruɗewa, da zubar jinin da ya ƙi tsayawa, da aman da ya hana ruwa zama a ciki wuni guda. Idan kuma baƙin ciki ya lulluɓe ta, ta daina sha'awar komai, tana yawan kuka makonni, wannan ma a gaya wa likita, domin ciwo ne mai magani, kada a ce raunin imani ne.

HAƘƘINTA A KANMU

Ya ku mazaje, Sayyidina Usmanu ɗan Affan bai halarci yaƙin Badar ba a shekara ta 2 bayan Hijira, saboda matarsa Ruƙayya 'yar Manzon Allah tana kwance ba lafiya. Annabi ya bar shi ya yi jinyarta, ya kuma tabbatar masa da lada da rabo irin na wanda ya halarta. Duk wanda yake ganin rufe rumfa kwana guda ko ɗaukar hutu daga ofis don raka maiɗakinsa asibiti asara ce, ya auna rumfarsa da Badar.

Mun san akwai masu fakewa da cewa littattafan fiƙihu ba su wajabta wa miji kuɗin magani ba. Lalle wannan shi ne mashahurin zance a mazhaba, amma an ruwaito daga Ibnu Abdil Hakam, ɗaya daga manyan Malikiyya, cewa ladan likita da magani suna kan miji, malamai da yawa na wannan zamani kuma a kan haka suka tafi, domin magani a yau ya shiga cikin larurorin rayuwa, Alƙur'ani kuma ya yi umarni da kyakkyawan zama da mata. Ciyarwa da tufatarwa ba sa faɗuwa saboda ciwo, haka ma rabon kwana ga mai mace fiye da ɗaya; kwananta yana nan ko da ba ta iya komai, sai in ita ta yafe don kanta. Abokiyar zaman da ta karɓe mata girki ta riƙe mata 'ya'ya ta yi cinikin da ba ya faɗuwa. Miji ya kame daga matsa mata da bukatarsa a kwanakin nauyi, su kuma nemi shawarar likita kan kauce wa ɗaukar ciki, domin maganin yana cutar da ɗan tayi. Mai shayarwa ma tilas ta dakata, aya ta 233 a Suratul Baƙara kuwa ta buɗe ƙofar yaye bisa shawara da yardar juna, ko neman mai shayarwa. Sakin mace ko kai ta gidan iyayenta a yasar saboda an yanke mata nono ko gashinta ya zube, wannan butulci ne da mai mutunci ba ya yi.

Masu zuwa dubiya su sani ciwon daji ba ya yaɗuwa ta cin abinci tare ko zama wuri guda. Ita ce ma take cikin haɗarin ɗaukar cuta daga gare mu, saboda haka mai mura ko tari ya yi gaisuwarsa ta waya. A taƙaita zama, kada a cika mata ɗaki, kada a sa ta tashi yin hidimar baƙi, kada kuma a zauna ana ba ta labarin wance da wance da ciwon ya kashe. Wanda ya zo da kwanon abinci, ko ya kwashi yara zuwa makaranta, ko ya ba da mota ranar asibiti, ya fi mai dogon zama amfani. Shugabannin ma'aikatu su sauƙaƙa wa ma'aikaciya hutun jinya idan ta kawo takardar likita, su rage mata nauyi idan ta dawo. Attajirai kuma su tuna cewa majiyyaciya matalauciya tana cikin masu cin zakka. A shekara ta 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara wani asusu na tallafa wa marasa ƙarfi masu wasu nau'o'in ciwon daji, har da na nono, sai dangi su tambayi ofishin jin daɗin majiyyata na asibitinsu yadda ake nema.

KADA A YANKE MAGANI

Mun ajiye amsar mai neman fatawar tsayar da magani zuwa ƙarshe saboda nauyinta. Majalisar Fiƙihun da muka ambata, a zamanta na shekara ta 1992, ta bayyana cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halakar rai. Ciwon daji na nono yana daga cikin waɗanda ake warkewa daga gare su da izinin Allah idan an zo da wuri an kuma kammala magani, yanke shi a tsakiya kuwa yana ba ciwon damar dawowa da ƙarfi. Gajiya ba ta nuna cewa maganin ya ƙi jiki ko ciwon ya ci gaba. Idan wahala ta yi yawa, a koma wa likita, yana da ikon ya jinkirta zagaye, ko ya rage ma'auni, ko ya sauya magani, ko ya yi maganin abin da ke jawo raunin. Miji ba shi da ikon hana matarsa maganin da ranta ya rataya a kansa, wanda ya yi haka kuwa ya tanadi amsar da zai bayar gobe Kiyama.

Muna roƙon Allah, Ubangijin Al'arshi mai girma, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sanya gajiyarsu ta zama kaffara da ɗaukakar daraja, ya saka wa masu jinya da likitoci da alheri, ya buɗa wa mazaje hanyar ɗaukar nauyin da ke kansu. Allah ya sa mu dace, amin.